Yadda na buɗe gidan kallo a Maraɗi

Maraɗi gari ne na kasuwa tun kafin a haife mu, kuma duk wanda ya zauna cikinsa ya san cewa hayaniyarsa ba ta ƙarewa da faɗuwar rana, wuri kawai take sauyawa. Idan aka rufe rumfunan babbar kasuwa, musamman ran Litinin da ran Juma'a da mutanen ƙauye ke kwararowa, dubban samari ne ke watsuwa cikin unguwanni, ƴan kabu-kabu da yaran shago da masu tura kura da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, kowa da ƴan canjinsa a aljihu, kowa yana neman inda zai yada zango kafin barci ya ɗauke shi. Ƙidayar 2012 ta ba birnin mutum sama da 267,000, kuma wanda ya ga yadda sababbin unguwanni suka cinye gonakin gefen gari tun daga lokacin ya san an daɗe da wuce nan. Gidajen silima na da, waɗanda iyayenmu ke ba mu labarin yadda ake turereniya a ƙofarsu don kallon finafinan Indiya a fili ba rufi, sun mutu tuntuni: kaset ɗin bidiyo ya raunana su, faifai ya biyo baya, waya ta ƙarasa aikin. Abin da ya rage wa saurayi da dare shi ne fada, inda ake dafa shayi ana gardama har tsakar dare, ko kuwa gidan kallo.

Sana'ata ta asali sayar da kayan waya ce, caja da batir da gilashi, waɗanda nake sarowa daga Kano ta hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, iyaka ta rufe, sannan a farkon watan Agusta Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar mana, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke sha. Jihohin Maraɗi da Damagaram, da layinsu ke shigowa daga Katsina ta Gazawa, sun ji a jikinsu ƙwarai. Hanyar saro kaya ta toshe, ɗan jarina yana narkewa a cefane, unguwa kuma tana kwana cikin duhu, kowa da talabijin a ɗaki amma ba abin kunna ta. Da na zauna na yi lissafi, sai na ga duk wanda ke da inji da babban allo a irin wannan lokaci ba zai rasa jama'a ba, don haka na yanke shawarar zuba abin da ya rage mini a gidan kallo kafin ya ƙare a tukunya.

Neman wuri ne matakin farko, kuma ya fi yadda ake zato wuya. Ana son fili wanda ba ya manne da masallaci, ba ya fuskantar makarantar allo ko ta Islamiyya, kuma ba ya haɗa katanga da gidan matan aure, a garin da da ƙyar za ka yi tafiyar minti biyu ba ka ci karo da ɗaya daga cikin ukun ba. Wani dillali ya zagaya da ni har muka samu wani kango a unguwar Zariya, wanda aka kewaye da bulo aka bar shi, bayansa garejin gyaran babura, gefensa fegi da ba a gina ba. Mai filin wani Alhaji ne ɗan kasuwar hatsi. Mun daidaita kan kuɗin haya ba tare da jayayya ba, amma ya ƙi karɓar ko dala daga hannuna. Ya ce da ni, “Yaro, fili nawa ne, amma unguwa ba tawa ba ce. Je ka ga mai unguwa, in ya amince ka dawo ka ba ni kuɗina.”

Wannan mataki shi ne ya fi kowane nauyi a cikin lamarin duka, ko da yake ba a rubuta shi a kowace takardar hukuma ba. Saurayi ba ya zuwa gaban mai unguwa shi kaɗai da irin wannan magana, saboda haka na ɗauki kawuna, muka sayi goro, muka je bayan sallar La'asar lokacin da yake zama a zaure. Muka cire takalma, muka durƙusa muka yi gaisuwa, kawu ya yi bayani ni kuma ina sunkuye. Mai unguwa ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba, sannan ya juyo gare ni ya tambaye ni ɗan wane ne ni, ina nake salla, ina da aure ko babu, kuma wa zai tsaya a ƙofa ranar da ba na nan. Bai tambaye ni nawa zan samu ba, bai kuma tambayi girman talabijin ba. Da na ce, “Ranka ya daɗe, ƙanena ne zai riƙa tsayawa,” sai ya ce a kawo masa ƙanen ya gan shi da idonsa. Daga nan ya tura mu wurin limamin masallacin unguwa, ya ce abin da Malam ya faɗa shi ne maganarsa.

Wanda ba ɗan gari ba zai iya ganin an tsananta, amma akwai dalili. Manya a Maraɗi ba su manta da watan Nuwamba na 2000 ba, lokacin da zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai ta rikiɗe a nan garin, aka ƙone mashaya da rumfunan caca. Tun daga wancan lokaci duk mai buɗe wurin nishaɗi ya san cewa takardar izini za ta kare shi a gaban hukuma, amma idan unguwa ta juya masa baya, huɗuba ɗaya ta ishe ta rufe shi. Bayan haka, gidajen kallo su ma sun jawo wa kansu baƙin jini, domin akwai waɗanda ke sa finafinan banza bayan tsakar dare, akwai inda ake sayar da ƙwaya a bakin ƙofa, akwai kuma inda almajirai ke kashe kuɗin bara su koma makaranta hannu wofi.

Liman ya karɓe mu da fara'a, ya ce shi ma yana sauraron sakamakon ƙwallo a rediyo, amma ya gindaya sharuɗɗa. Da zarar ladan ya fara kiran salla a kashe sauti, a kuma buɗe ƙofa ga mai fita, ya dawo ba tare da sabon biya ba. Kada yaro ƙarami ya shiga a lokacin makaranta, kada kuma a bar shi bayan Isha'i. Babu caca a kan wasa, babu sigari a ciki, kuma kowane fim sai na kalle shi ni kaɗai daga farko har ƙarshe kafin in sa wa jama'a. Na ce, “Allah gafarta Malam, wasannin Turai da yawa suna faɗowa daidai lokacin salla.” Na yi masa bayani cewa wasannin Ingila na ran Asabar suna farawa ƙarfe 4 na yamma agogonmu a lokacin sanyi, wato kan La'asar, manyan wasannin zakarun Turai kuma idan ƙasashen can suka tura agogonsu gaba a ƙarshen watan Maris suna dawowa ƙarfe 8 na dare, kan Isha'i. Ya yi murmushi ya ce ai bai ce in kashe hoton ba, sauti ya ce, wanda ya zaɓi ya zauna kuma tsakaninsa da Ubangijinsa. A ganina wannan sharaɗi ya fi duk sauran hikima, domin ya ɗauke mini nauyin korar mutane, ya kuma hana a ce ihun gidana ya danne kiran salla.

Takardun hukuma sun zo bayan haka, kuma ba su da wani sirri sai haƙuri. Birnin Maraɗi ya kasu gundumomi uku, kowa kuma yana kai buƙatarsa ma'aikatar magajin garin gundumar da wurinsa yake. Na sa wani mai rubuta takardu a bakin ƙofa ya rubuta mini takardar neman izini da hannu cikin Faransanci, na manna tambur, na haɗa da kwafin katin ɗan ƙasa da yarjejeniyar haya. Aka turo ma'aikaci ya duba wurin, ya ce ƙofa ɗaya ba ta isa wurin taron jama'a ba, sai an fasa ta biyu a baya saboda gobara. Na karɓi lambar biyan haraji daga ofishin lanho, na biya fatanti, wato harajin sana'a, na kuma je wajen wakilin ofishin haƙƙin mawallafa, BNDA, wanda ke karɓar kuɗi daga wuraren da ake kunna kiɗa ko fim ga jama'a. Duk takardar da aka ba ni na sa aka lulluɓe ta da roba na kafe ta a bango kusa da ƙofa, inda mai bincike zai gan ta kafin ya buɗe baki.

Ginin kansa bai ɗauki lokaci ba. Mai walda ya kafa ginshiƙan ƙarfe, aka rufa kwano, aka bar tazara tsakanin katanga da rufi don iska ta riƙa ratsawa, domin wanda ya san zafin Afrilu da Mayu a Maraɗi, lokacin da ma'auni ke haura 40, ba zai rufe mutum ɗari cikin kwano ba tare da mafita ba. Tazarar muka toshe ta da zana, wadda ke tare haske ta bar iska. Kafinta ya yi benci, na gaba gajeru, na baya dogaye, aka zuba yashi a ƙasa. Na sayi talabijin biyu, domin ran Asabar da Lahadi magoya bayan Real Madrid da Barcelona ba za su yarda a sa musu wasan Ingila ba, su kuma na Arsenal da Chelsea da Manchester United haka. Mai ɗaura faranti ya hau rufi ya saita na Canal+ yana juyawa a hankali, ƙanena a ƙasa yana kallon allo yana yi masa ihu idan hoto ya fito. Mai ɗaura farantin ne ya ba ni shawarar in ɗinka wa kowace talabijin riga, in riƙa rufe ta da rana saboda ƙurar hunturu, shawarar da ta fi kuɗin aikinsa daraja.

Wuta ita ce ta ci rabin jarina, ita ce kuma har yau ke yanke hukuncin ko an ci riba a dare ko an faɗi. Na nemi kwantar, wato mitar wuta, daga kamfanin lantarki na NIGELEC kamar kowa, amma a watannin takunkumi wutar gari rabo ce, unguwa ta samu yanzu, anjima a kai wa wata, don haka gurup, wato injin ba da wuta, shi ne ya zama uban gida. A da, man fetur na cikin kwalba da ake shigowa da shi daga Najeriya ya fi na gidan mai araha nesa ba kusa ba, kuma da shi duk masu inji ke aiki. Tun da gwamnatin Najeriya ta cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 wannan garaɓasa ta ƙare, kowa ya koma layin gidan mai, inda a lokacin ake sayar da man matatar SORAZ ta Damagaram sefa 540 kowace lita. Injina, idan yana ɗauke da talabijin biyu da fankoki da fitilu, yana shan kusan lita ɗaya a awa. Wasan ƙwallo da hutunsa awa biyu ne, wato sefa 1,080, ni kuma ina karɓar dala ashirin, sefa 100, a kan kowane mutum. Ke nan mutum goma sha ɗaya na farko da suka shigo kuɗin mai suka biya, kafin a zo ga haya da kuɗin tashoshi na wata da abincin ƙanena. A daren babban wasa wannan ba komai ba ne, amma a daren da ƙananan ƙungiyoyi ke karawa, sau da yawa nakan tsaya a ƙofa ina ƙidaya kawuna kafin in yanke shawarar ja igiyar inji. Sauƙi ya zo daga baya ta hanya biyu: an dawo da wutar Najeriya a watan Maris na 2024 bayan ɗage takunkumi, sannan a watan Yuli gwamnati ta rage farashin lita zuwa sefa 499. Duk da haka ribar farko da na tara allunan sola da batura na saya da ita, domin fitilu da fankoki su daina dogara da inji.

Na buɗe ƙofa ana shiga sanyi, kuma abin da ya fara cika gidan kokowa ce. A ƙarshen Disamban 2023 aka yi gasar takobi ta ƙasa a Agadas, inda jihohi takwas ke kawo ƴan kokowa goma-goma, Télé Sahel kuma tana nunawa kai tsaye. Tashar kyauta ce a kowane gida, amma ba wuta, saboda haka na rage kuɗin shiga zuwa dala goma na bar inji yana aiki safe da yamma. A nan na ga dattawan da ba su taɓa tunanin taka gidan kallo ba sun shigo da buzunsu, har mai unguwa ya aiko yaronsa a ajiye masa kujera a gaba. Kokowa a Maraɗi ba wasa ba ce: Kantu, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, ɗan nan ne, da sunansa kuma ake kiran filin kokowar garin. Idan ɗan kokowar Maraɗi ya shiga fili, sai ka ji gidan ya yi tsit, in ya kai abokin karawarsa ƙasa kuma har garejin baya sai ya amsa. Isaka Isaka na Doso ne ya sake ɗaukar takobin a wannan shekara, jama'a suka watse suna gunaguni, amma waɗannan kwanaki sun yi mini abin da talla ba za ta yi ba, domin bayan dattijo ya zauna a wuri da kansa, da wuya ya hana ɗansa zuwa.

Daren da ba a taɓa cika kamar sa ba shi ne na 11 ga Fabrairun 2024, wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan tsakanin Kodebuwa da Najeriya. Tun bayan Magariba benci ya ƙare, na fitar da talabijin ɗaya waje na jingina ta da katanga, mutane suka zauna a kan babura da ƙasa. Gidan ya rabu biyu. Akwai masu cewa Katsina gida ce, iyayensu da matansu na can, ba za su goya wa baƙo baya a kan ɗan'uwa ba, akwai kuma masu cewa ƙasar da ta bar su cikin duhu wata shida ba za ta ga tafinsu ba. Wani tsoho mai sayar da tsire a bakin ƙofa ya saurare su ya gaji, ya ce, “To ku ƴaƴan nan, wa kuke so ya ci, wanda ya yanke wutar ko wanda ya ce a yanke?” Yana nufin Najeriya da Kodebuwa, wadda ita ma ƴar CEDEAO ce. Aka kwashe da dariya, gardama ta lafa. Troost-Ekong ya fara ci wa Najeriya da ka kafin hutu, rabin gida ya tashi tsaye. Ni kuwa hankalina yana kan tanki, domin ba a zuba wa inji mai yana aiki, kuma mutuwarsa a tsakiyar irin wannan wasa na iya jawo abin da ba a so. Alƙalin wasa na busa hutu, ƙanena ya kashe inji, na haska masa fitilar waya, ya ɗora mazurari ya tuttula jarka hannunsa na rawa, wuri ya yi duhu ɗaruruwan mutane suna jira ba mai magana, sai da ya ja igiya hoto ya dawo sannan aka saki numfashi. Kessié ya rama, Haller ya ƙara ta biyu, ɗaya rabin gidan ya samu nasa rabon ihun, aka tashi lafiya ba wanda ya mari wani.

Fim kuwa, wanda shi ne na fi ƙauna tun ina yaro, shi ne ya fi ba ni wahala. Mutanen Maraɗi suna ɗaukar finafinan Kano, waɗanda muke kira dandalin soyayya, a matsayin nasu, kuma suna da hujja: Yamai tana da nisan sama da kilomita 600 daga nan, Kano kuwa ba ta kai 300 ba, harshe ɗaya, sutura ɗaya, kuma mawaƙiya irin Fati Nijar, wadda muryarta ta cika finafinan, ƴar Maraɗi ce. Sai dai ƙaunar ba ta kawo mutum gidan kallo, domin masu shirya fim sun koma dogon zango da ake saki mako-mako a YouTube da tashoshi irin Arewa24, a kowane lungu kuma akwai mai kwamfuta da zai tura maka sabon kashi a waya kan kuɗin da bai kai na shiga gidana ba. Ƙwallo dole a gan ta a lokacin da ake buga ta, fim kuwa yana jiran mutum har ya kwanta. Finafinan Indiya masu fassarar Hausa suna jan yara, amma yaran ne Malam ya ce kada su wuce Isha'i. Na ware daren Alhamis don fim, na riƙa kallon kowanne tukuna kamar yadda na yi alkawari, amma sau da yawa bencin baya a wofi yake kwana.

Abin da ya motsa daren Alhamis ya zo ne bayan an buɗe iyaka. Da Ƙaramar Sallar 2024 wani mai shirya wasanni ya gayyato ƴan fim daga Kano za su yi wasan Salla a gidan raya al'adu na Bawa Ɗan Wardanga, ya zo yana neman in riƙa sayar masa da tikiti a ƙofata. Na ce ba na son kamasho, abin da nake so shi ne ya biyo da babban jarumin ta gidana ko na minti goma ne. Ya amince, ni kuma na koma wurin mai unguwa na sanar da shi, na sanar da ƴan sanda, na roƙi samarin fadar layinmu su tsaya a ƙofofi biyu. Mun yi shawarar kada a faɗi lokaci, amma a garin da kowa ke da WhatsApp wannan shawara ba ta kai La'asar ba. Kafin Magariba layin ya toshe da babura, yara sun hau katangar kangon da ke gefe, masu sayar da ruwan sanyi da ƙosai sun kafa kasuwa.

Motar ta iso a makare. Mutumin da ya fito bai kai tsayin da muke gani a allo ba, shaddarsa ta yamutse da zaman mota, idanunsa sun yi ja don gajiya, kuma abin da ya fara nema shi ne ruwan sha. Wayoyi suka tashi sama gaba ɗaya, kowa yana kiran sa da sunan da ya fito da shi a fim, wani yana tambayarsa don me ya saki matarsa a kashi na baya, shi kuma yana amsawa da murmushin wanda ya saba. Na lura da abu ɗaya da ya nuna ya san aikinsa: kafin ya kula kowa, sai da ya tambayi ina dattawan unguwa, ya je ya rusuna ya gaida mai unguwa da Liman. Bai yi minti biyar a ciki ba aka kira Isha'i, ƙanena ya kashe sauti bisa al'ada, jarumin ya nemi buta, ya nufi masallaci, taron duka ya bi shi har sahu ya fito titi. Washegari Liman ya tare ni yana dariya, ya ce tun da ya fara limanci bai taɓa ganin jam'in Isha'i irin na jiya ba, in da hali in riƙa kawo baƙon kowane mako. A daren ban karɓi ko dala ba, domin ba wanda ya iya tsayar da mutane a ƙofa, benci biyu kuma sun karye. Amma makonni bayan haka daren Alhamis ya riƙa cika, mutane suna nuna wa abokansu inda ya tsaya, kafin abin ya fara ja da baya sannu a hankali.

A wannan dare ne yayata ta lura da abin da ni ban kula da shi ba. A tsallaken titi mata ne tsaye cikin hijabi, da yawansu da goyo, sun fi maza sanin finafinan da labarin masu yin su, amma ba mai iya matsowa. Ta ce da ni, “Kai kana neman masu kallon fim cikin masu kallon ƙwallo, alhali ga su can ka bar su a waje.” Na ce, “Yaya, wannan magana ta fi ƙarfina, sai dai mu koma zaure.” Muka sake ɗaukar kawu da goro. Mai unguwa bai amsa nan take ba, ya ce sai ya ji ta bakin magidanta, Liman kuma ya ce a kawo masa sunayen abin da za a nuna. Tun da a watan Afrilun 2024 an rusa majalisun gundumomi an naɗa shugabannin riƙo, takardar ƙarin lokacin aiki ga shugaban riƙo na rubuta ta.

Amsar da ta fito ita ce a gwada sau ɗaya a mako, ran Alhamis da hantsi lokacin da makarantun allo ke hutu, a tashi kafin Azahar, kuma kada namiji ko ɗaya ya kasance a ciki, har ni. Yaya ce ke karɓar kuɗi a ƙofa, ƴarta ta koyi kunna na'ura da sauya kashi, ni da ƙanena muna zaune a gareji kusa da inji ko da zai mutu. Matan ba su nemi fim mai ƙarewa a zama ɗaya ba, dogon zango suka zaɓa, wanda da yawansu sun riga sun gani a waya amma suna son su sake gani tare, suna tsinewa mugu suna ba amarya shawara da babbar murya. Sun kawo ƙorafi biyu tun makon farko: a shimfiɗa tabarmi a gaba saboda masu goyo, a kuma ƙara tsayin katangar gabas, domin yaran gareji suna leƙe ta saman zana. Tabarmi na saya a ranar. Katangar kuwa magini ya zo ya auna, ya ce layi uku na bulo za ta ci, mun kuma yi da shi zai fara aiki da zarar ruwan damina ya ɗauke.